Farautar kacici-kacici: a sa kuɗi ko kada a sa, kuma wa zai gwada kafin ranar?

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina so mu shirya wa matasanmu farautar kacici-kacici a hutun ƙarshen zango.

Ga wanda bai taɓa ji ba, ga yadda take. Ana kasa mutane rukuni-rukuni, a miƙa wa kowane rukuni takarda mai ɗauke da ƙulli, ba tare da an gaya musu yadda ake kwance shi ba. In sun kwance, kalma ɗaya ko biyu ce za ta fito, ita ce kuma za ta nuna musu inda takarda ta gaba take. Amsoshin da suka tara su ne kayan aikin kwance babban ƙulli na ƙarshe. Ni ta intanet na san abin, a cikin wani rukuni da ke buga wadda ake yi a jami'ar MIT ta Amurka duk watan Janairu. Ana buɗe ta ƙarfe 12 na ranar Juma'a agogonsu, wato 6 na yamma agogonmu, don haka da an idar da magariba sai a zauna gaban kwamfuta.

Tamu ƙarama nake so: takarda shida ko bakwai, awa uku, cikin harabar makaranta guda. Abin da nake son mu tattauna shi ne kyauta, da kuma yadda tsananin zai kasance. Ga ɗanɗano:

INA GWAMNA YAKE KWANA?
Yobe 7, Zamfara 4, Neja 3, Borno 4, Adamawa 4

Wanda ya samu ya ce ya samu kawai, kada ya rubuta amsar tukuna.

Auta:
Wa alaikumus salam Malama. To ina tambayar take? Ni jihohi kawai na gani da lambobi.

Malamar Lissafi:
Gano tambayar shi ne rabin wasan, ƙanena. Sake karanta kan takardar.

Alhaji Mai Shago:
Malama Allah ya saka da alheri, abu ne mai kyau, gara wannan da zaman kashe wando. Amma in gaya miki gaskiya, in babu kuɗi ba za ki ga kowa ba sai 'ya'yan malamai. Ni na ɗauki nauyin naira dubu 50 ga rukunin da ya zo na ɗaya. A buga a takardar sanarwa da manyan baƙi, za ki ga harabar ta cika.

Baƙon Boston:
Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Bari in faɗi abin da ake ba wanda ya ci a MIT ɗin da Malama ta ambata, don kusa da wurin nake zaune, kuma na shiga da ƙafata.

Wani ɗalibi mai suna Brad Schaefer ne ya fara ta a 1981. Kwabo guda ya ɓoye a harabar jami'ar, ya raba takardar alamu, wanda ya riga kowa isa wurin kwabon shi ya ci. Har yau abin da ake nema ke nan, kwabo, ko wani abu da masu shiryawa suka ƙera suka ce shi ne kwabon bana. Mutane dubbai ke shiga. Wasu daga wasu ƙasashe suke tasowa a tsakiyar hunturu, su kwana biyu ko uku a cikin aji, barcin ma a kan kujera. Akwai rukunin da ya haura mutum 100, ƙulle-ƙullen kuma sun wuce 100 kowace shekara.

To me ake ba rukunin da ya ci? Aiki. Su ne za su rubuta farautar baɗi. Shekara guda cur suna wahala ba ko sisi, kuma ba za su buga ta ba tunda sun san amsoshin. Duk da haka sama da shekara 40 abin bai mutu ba, ko a 2021 da korona ta hana taro ta intanet aka yi ta gaba ɗaya.

Alhaji Mai Shago:
Ɗana, waɗannan ai masu ƙoshi ne. Mutumin da ke sayen tikitin jirgi don ya nemo kwabo ba ya tunanin abincin dare. Ni yaron da ya fito gida bai karya ba nake magana. Ka ce masa ladan wahalarsa shi ne ƙarin wahala baɗi?

Maman 'Yan Biyu:
Alhaji ya faɗi gaskiya a kan yunwa, amma maganin bai dace da ciwon ba. In yara 40 suka zo, biyar ne za su raba dubu 50 ɗin, sauran 35 su koma gida da yunwarsu da kuma haushi. Me zai hana kuɗin ya tafi kan abinci da ruwan sanyi ga kowa da kowa? Ni zan iya haɗa matan da za su dafa.

Almajirin Zaure:
Kafin a yi nisa, ina roƙon a kiyaye abu ɗaya. In za a ba da kyauta, ta fito daga aljihun wanda ba ya cikin gasar, kamar yadda Alhaji ya yi niyya. Kada a karɓi kuɗin shiga wurin yara sannan a tattara a miƙa wa wanda ya ci, wannan ne ake jin tsoron ya zama caca. In ana buƙatar ƙarin bayani a tuntuɓi malamai, amma kauce masa ya fi sauƙi.

Na biyu, kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan takardun. Takarda ce da za a yayyaga, a zana, a yar a ƙasa cikin gaggawa.

Malamar Lissafi:
Allah gafarta Malam, duka biyun na karɓa. Babu kuɗin shiga.

Alhaji, dalilina na tsoron kyauta mai tsoka shi ne tana canza halin masu wasa. A Ingila a 1979 wani mai zane, Kit Williams, ya fitar da littafin hotuna mai suna Masquerade. Ya ƙera zomo na zinariya ya binne, ya ɓoye bayanin wurin a cikin hotunan. Jama'a suka yi ta haƙa a ko'ina har da gonakin mutane. A 1982 wani ya fito da zomon daga wani fili a garin Ampthill, aka yi ta murna. Sai a 1988 jarida ta tono cewa mutumin bai kwance ƙullin ba sam, ta hanyar wata da ta taɓa zama da mai zanen aka samu labarin wurin. Wasu malaman kimiyya biyu ne suka kwance shi yadda ya kamata, amma an riga su da 'yan kwanaki.

Namu ba zinariya ba ne, na sani. Amma dubu 50 ta isa ta sa yaro ya ɗauke takardar rukunin da ke bayansa ya cusa a aljihu, ko ya roƙi ƙanwata da ke taya ni bugawa ta leƙa masa. Ranar da aka yi haka sau ɗaya, babu wanda zai sake yarda da sakamakon.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga Maraɗi. Malama, takardarki ta ba ni wuya, kuma na gano dalili. A nan Nijar kowace jiha sunan babban birninta take ɗauka: Maraɗi, Dosso, Diffa, Tawa, Agadas. In aka ce ina gwamna yake kwana, mu ba mu ga wata tambaya ba, ai a garin da jihar ke da sunansa. Sai da na tuna ku ba haka ba ne a wurinku sannan na samu.

Amma ni a kan tsanani nake son magana, kuma ina ganin kada a sassauta. Lokacin da nake karatu a Faransa na ga masu neman mujiyar zinariya. A 1993 wani da ke kiran kansa Max Valentin ya binne mujiya ta tagulla a wani wuri a ƙasar, ya fitar da ƙulli 11, wanda ya tono ta zai karɓi ta zinariya da azurfa. Shi kansa ya rasu a 2009 ba a samu ba. Sai a Oktoban 2024 aka tono ta, bayan shekara 31. Mutane sun yi abota, sun kafa ƙungiyoyi, sun san tarihin ƙasarsu ƙauye-ƙauye saboda wannan abu. Da mai sauƙi ne da an manta da shi a wata uku. Abin da ya wahalar da kai shi ne ke zama a ranka.

Auta:
Yaya Ɗan Maraɗi ka ba ni haske! Malama na samu! In faɗa?

Malamar Lissafi:
Faɗi, amma ka faɗi yadda ka yi.

Auta:
Da farko harafi na ƙirga a sunan jihar, sai na ga Yobe harafi huɗu ne kawai, ba ta da na bakwai. Gwamna a babban birni yake kwana. Damaturu harafi na 7 R ne. Gusau na 4 A. Minna na 3 N. Maiduguri na 4 D. Yola na 4 A. RANDA!

Malamar Lissafi:
Madalla. Takarda ta biyu tana ƙarƙashin randa ke nan.

Ku lura da abin da Auta ya ce game da Yobe. Da gangan na sa ta a farko. Duk wanda ya bi hanyar da ba ita ba, a matakin farko takardar za ta tsayar da shi, ba zai ɓata minti 20 yana tara haruffan banza ba. In kuma ya bi daidai, kalmar Hausa ce sak za ta fito, ba ya buƙatar ya tambaye ni ko ya ci. Wannan shi nake kira adalci a ƙulli.

Yaya Ɗan Maraɗi, a nan ne muka rabu. Mujiyar Faransa wani abu ne daban: mutum na gidansa, in ya gaji ya ajiye, ya dawo baɗi. Mu kuwa yara muka tara a rana, muka ce musu awa uku. In rukuni ya shafe awa biyu a kan takarda ta farko, bai ga sauran biyar ɗin da na kwana ina shiryawa ba, kuma ba zai dawo ba. Rubuta ƙullin da babu mai iya kwancewa ba gwaninta ba ce, kowa zai iya. In ce maka ina tunanin wata lamba, faɗe ta, shi ke nan na kayar da kai. Gwanintar ita ce ka sa mutum ya tsaya cik, ya ji kamar ba hanya, sannan ya gano da kansa ya yi ihu kamar yadda Auta ya yi yanzu. Mai shiryawa so yake a ci shi.

Baƙon Boston:
Ina bayan Malama a nan. A MIT ɗin ma an sha samun shekarar da abin ya fi ƙarfin kowa. Ta 2013 ta haura awa 70, sai ranar Litinin da rana aka samu kwabon, lokacin da yawa sun kama hanyar filin jirgi. Masu shiryawar ba sakarkaru ba ne, ƙwararru ne da suka ci ta shekarar da ta gabata. Abin da ke faruwa shi ne wanda ya rubuta ƙulli ba ya iya auna nauyinsa, don amsar tana cikin kansa. Duk alamar da ya sa, shi a fili yake ganinta.

Ɗan Maraɗi:
Na ji, amma akwai haɗari ta ɗaya ɓangaren. In kun sassauta don kowa ya gama, rukunin masu kaifi zai kammala a minti 40 ya zauna yana kallon sauran. Su ma kun zalunce su.

Malamar Lissafi:
Wannan gaskiya ne, kuma amsarsa ɗaya ce da ta wancan: gwaji. Babu takardar da za ta fita sai wasu da ba su taɓa ganinta ba sun zauna sun kwance ta a gabana. Ni kuma bakina a kulle, biro kawai a hannuna, ina rubuta inda suka tsaya da tsawon lokacin da suka ɗauka. Wannan shirun shi ne mafi wuya a duk aikin, don kana kallon mutum yana dab da amsa ya juya baya. Amma in ka buɗe baki ka lalata gwajin, ranar wasa ba za ka kasance a bayan kowane rukuni ba. In aka gyara takarda, sabbin mutane za a nemo, waɗanda suka gani sun riga sun gani. Kuma a gwada da irin waɗanda za su buga, kada a ba malaman jami'a abin da aka yi don 'yan sakandare.

Su masu kaifin kuma sai a tanadar musu ƙarin takarda ɗaya mai zafi wadda ba a ƙirga ta a sakamako. Yaya, ita wannan kai za ka rubuta mana, ka tsananta yadda kake so.

Maman 'Yan Biyu:
To in rukuni ya maƙale fa ranar? A bar su haka?

Almajirin Zaure:
Hajiya, ai kakanninmu sun riga sun warware wannan. A kacici-kacicin dare in ka kasa, ba a barinka ka kwana da shi, gari kake bayarwa a faɗa maka. A ba kowane rukuni garuruwa uku a rubuce a kati. In sun maƙale su kawo gari ɗaya, a ba su haske, ba amsa ba. A ƙarshe in rukuni biyu sun yi kunnen doki, wanda ya fi sauran gari a hannu shi ne gaba.

Malamar Lissafi:
Malam wannan ya fi abin da nake da shi a rubuce, na ɗauka. Abin da zan ƙara shi ne mai ba da hasken ya fara tambayarsu me suka gwada. Sau da yawa suna cikin bayani za su gano da kansu, sai a mayar musu da garinsu.

Auta:
Malama shi babban ƙulli na ƙarshen yaya yake?

Malamar Lissafi:
Ga mafi sauƙinsa. A ce amsoshi huɗu sun fito: RANDA, IGIYA, GATARI, ALLO. Takardar ƙarshe babu komai a kanta sai layi huɗu da kalmar "Fara". Farkon kowace kalma: R, I, G, A. Akwai riga rataye a ofishin shugaban makaranta, abin da ake nema yana aljihunta.

Kyawunsa shi ne ko rukuni ya kasa takarda ta huɗu, yana da R, I, G, zai iya cankar RIGA. Daga nan ya san amsar da ta gagare shi da A ta fara, sai ya koma ya kwance ta ta baya. Ba a so takarda ɗaya ta tare hanya gaba ɗaya. Na gasken zai fi wannan zurfi, amma daga amsoshin ƙarshe ake fara shiri. Sai ka san kalmomin da kake buƙata sannan ka rubuta wa kowace ƙullinta.

Injiniya:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Akwai matsalar da za ku ci karo da ita wadda Turawa ba su da ita: haruffanmu. Su in sun ce A ita ce 1, Z ita ce 26, kowa ya yarda. Mu fa? Ɓ, ɗ, ƙ suna da gurbinsu ko a'a? P, Q, V, X da babu su a Hausa a tsallake su? "Ts" da "sh" harafi ɗaya ne ko biyu? Da Malama ta sa Jigawa a takardarta, Dutse harafi na 3 T ne a wurin wani, TS ne a wurin wani. Mu a Najeriya 'y muke rubutawa, Ɗan Maraɗi ƴ yake rubutawa. Rubutun Morse ma na ɗigo da ja ba shi da ɓ ko ƙ.

Malamar Lissafi:
Shi ya sa Jigawa ba ta shiga ba, Injiniya. Haka Nasarawa, don wani Lafiya zai rubuta wani Lafia. Na zaɓi biranen da ƙirgarsu ba ta canzawa, Minna ko an rubuta ta da N ɗaya harafi na 3 bai motsa ba. Abin da zan yi shi ne kowane rukuni a ba shi takardar taimako tun farko, mai jerin haruffa da lambobinsu yadda muka tsayar, da Morse, da rubutun makafi mai ɗigo shida. Ba haddar waɗannan muke gwadawa ba, muna so ne yaro ya kalli jerin kwalabe dogaye da gajeru a kan taga ya ce kai, wannan Morse ne.

Almajirin Zaure:
Tunda an zo kan haruffa da lambobi, kada mu tafi Amurka aro mu manta da na gida. Marubuta waƙoƙin ajami kan rufe waƙa da ramzi, kalmar da in ka tara ƙimar haruffanta za ta ba ka shekarar da aka yi waƙar. Misali shin, ra, lam, ba. A hisabin da malamanmu ke bi, na Magrib, shin 1000 ce, ra 200, lam 30, ba 2. Jimla 1232, shekarar Hijira da Shehu Usmanu ya rasu, wato 1817. Amma wanda ya buɗe waya ya ɗauko jadawalin Gabas zai ga shin 300 ce, sai ya samu 532 ya ɓace. In za a yi takarda da wannan, a sa alamar da ke nuna wane hisabi ake nufi.

Abin da ya sa nake son a sa ta shi ne, a rukuni akwai yaron da bokonsa ba shi da ƙarfi amma ya yi allo sosai. Ranar shi ne zai ceci sauran.

Baƙon Boston:
Malam ka taɓo abin da ya fi burge ni a wannan wasa. A rukuninmu akwai masu digiri na uku a lissafi, amma an taɓa kawo ƙullin da salon saƙa ne, wata mai saƙa ce ta kalle shi sau ɗaya ta karanta. Farauta mai kyau tana da ƙofa ga kowa: ɗaya ta lissafi, ɗaya ta kalmomi, ɗaya ta hoto, ɗaya ta yanka takarda da ninkewa, ɗaya da sai an tashi an zagaya. Zaurance ma zai yi takarda mai daɗi.

Ita kanta hanyar fasa rubutun sirri ta ƙirga harafin da ya fi yawa, wani masani Balarabe mai suna Al-Kindi ne ya rubuta ta a Bagadaza tun ƙarni na 9. Da Hausa kuwa tana aiki sosai, don A ta rinjayi kowane harafi nesa ba kusa ba, kuma kusan duk kalma da wasali take ƙarewa. Ɗan sakandare zai iya fasawa in aka ba shi layi uku ko huɗu.

Ɗan Mai Unguwa:
Ku yi haƙuri zan kawo abin da ba daɗi. A halin da ake ciki, in mutane suka ga samari biyar suna leƙa bayan katanga riƙe da takarda mai lambobi da alamomi, ba wasa za su fara zato ba. Malama ta yi daidai da ta ce cikin haraba guda. In har za a fita waje, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da wuri, kowane yaro ya rataya kati a wuya. Kada a binne komai, kada a ɓoye komai kusa da maƙabarta, rijiya, taransufoma ko gidan wani. A faɗa musu tun farko cewa babu amsar da ke buƙatar hawa katanga ko buɗe abin da aka kulle.

Baƙon Boston:
Wannan ba tsoro ba ne kawai. Wani attajiri a Amurka, Forrest Fenn, ya ɓoye akwatin zinariya a tsaunukan Rocky wajen 2010. Kafin a same shi a 2020 mutum biyar sun mutu wurin nema. In mutum ya gamsu cewa amsarsa daidai ce, ba ya ganin haɗari.

Maman 'Yan Biyu:
Kuma a duba lokacin salla. In an fara ƙarfe 10 a tashi kafin azahar. Sannan 'yan mata fa? Iyaye da yawa ba za su bari a haɗa su rukuni da samari ba. A bar su su kafa nasu, kuma a samu mace a teburin ba da haske.

Injiniya:
Waya fa? Yanzu yaro zai ɗauki hoton takarda ya tura wa manhajar da ke amsa tambaya.

Malamar Lissafi:
Hajiya an gama, rukunin 'yan mata daban ga masu so. Injiniya, waya a ajiye a tebur, ba don manhaja kaɗai ba, don kada mai data ya fi marar data. Duk ilimin da ake buƙata ko dai kowa ya san shi, ko yana cikin takardar taimako, ko yana rubuce a jikin bangon makarantar.

Ɗan Maraɗi:
In ta yi kyau ina son in kwafa. Na ji akwai wadda ake kira DASH, takardu iri ɗaya ake bugawa a birane da yawa a rana guda, kowane birni da masu kula da shi. Za mu iya yin haka, ku can mu nan, agogonmu ɗaya ne. Sai dai a cire tambayoyin jihohi, a sa abin da Bahaushen ko'ina ya sani: ranakun mako, watannin Musulunci, karin magana, kayan miya. Takarda mai zafin kuma na karɓa, amma har yanzu ina ganin kuna raina ƙarfin yaran nan.

Malamar Lissafi:
Gwaji zai raba mu, Yaya. In masu gwaji suka gama da wuri, ni da kaina zan ƙara gishiri.

Alhaji, kai muke jira. Ga roƙona: dubu 50 ɗin ta tafi kan buga takardu, ambulan, biro, ruwa da abinci. Rukunin da ya ci a ba shi allo da aka rubuta sunayensu, ya zauna a makarantar, kuma su ne za su taya ni shirya ta gaba.

Alhaji Mai Shago:
Malama na karanta duka. Maganar magudi ta shige ni, a kasuwa nake, na san abin da kuɗi ke sa mutum. Abinci da bugawa na ɗauka. Amma ina nan kan bakana cewa yaron da ya yi fice ya koma gida da abin da zai nuna wa mahaifiyarsa. Ba kuɗi ba to, kuma kada a sanar kafin ranar. Zan kawo jakar makaranta biyar da littattafan rubutu, a miƙa bayan an gama. Wanda bai san da kyauta ba ba zai yi sata dominta ba.

Almajirin Zaure:
Wannan babu laifi a ciki.

Auta:
Malama ina so in zama mai gwaji, kuma ina so in buga ranar.

Malamar Lissafi:
Ɗaya za ka zaɓa, ƙanena. Wanda ya ga takardun ba ya bugawa, kuma ba ya gaya wa ko abokinsa na kusa. Ta RANDA ma ta fita daga lissafi tunda an warware ta a nan.

Auta:
To zan buga. Zan nemo mutum huɗu.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ki turo min takarda biyu na farko ta akwatin sirri. Ran Asabar bayan la'asar zan zaunar da 'ya'yan yayata, suna aji biyar na sakandare kuma ba a garin za su yi hutu ba. Zan riƙe agogo in rubuta miki inda suka tsaya.